Gargaɗi ga masu sayen sil ɗin bawul: an sayar mana da robar NBR da sunan Viton

Ina rubuta wannan ne domin masu kula da injina a masana'antu, musamman masu matsar man gyaɗa da na waken soya, su san cewa akwai wani mutum da ke yawo yana sayar da sil na jabu, wato zoben robar da ke hana bawul yoyo. Naira miliyan 1 da dubu 850 muka tura masa, kuma ni ne na sa hannu a takardar neman kuɗin.

Aikina ne kula da bawul-bawul na layin man da ke gudana da zafin kusan digiri 150. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ƙarfen bawul ne ke tare mai, alhali abin da ke hana yoyo shi ne zoben roba da ke zaune a cikin ɗan raminsa, da mazaunin da faifan bawul ke dannawa idan an rufe, da fakin, wato abin da ake cusawa ya toshe kafar da ke kewaye da sandar da ake murɗawa. Zoben yana aiki ne saboda an matse shi kuma yana ƙoƙarin komawa siffarsa, sannan ƙarfin man yana ƙara tura shi jikin ƙarfe, ya toshe duk wata kafa. Ranar da robar ta bushe ta daina wannan yunƙurin, aikinta ya ƙare. Robar NBR tana jure mai sosai, amma iyakarta ba ta wuce digiri 100 zuwa 120 ba, shi ya sa a layinmu sai FKM, wadda aka fi sani da Viton, mai kai wa kusan digiri 200.

Duk wannan mutumin ya sani, kuma a nan ne ya kama ni. Ya zo har wurin aikinmu, ya ɗauki tsohon zoben da muka cire, ya lanƙwasa shi a tsakanin yatsunsa, ya ce: "Injiniya, wannan zafi ne ya cinye shi, ba mai ba." Gaskiya ya faɗa. Da gangan na tambaye shi ko wata roba mai suna EPDM za ta yi mana, sai ya girgiza kai ya ce ita ta ruwan zafi ce da tururi, ba ta shiri da mai. Ya yi maganar Teflon, wani nau'in filastik mai santsi da ake yin sil da shi, ya ce yana jure zafi har kusan digiri 260 amma ba shi da taushin komawa bayan an matse shi. Har fakin garafait (baƙin sinadarin nan na cikin fensir) na layin tururi ya ambata. Har yanzu ina ganin hannunsa yana lanƙwasa wannan zoben. Ina tambayar duk mai zargina da sakaci: wane injiniya ne zai ji waɗannan amsoshi ya ce yana gaban ɗan damfara?

Muka sayi zobbansa muka saka a bawul-bawul ɗinmu. Da yoyo ya fara, daga wuyan bawul guda ne, ɗigo kaɗan-kaɗan. Kafin mako ya zagayo wasu sun biyo baya, kuma man da ya tsarto daga ɗaya ya wuce dab da ƙafar wani yaro da ke share wurin. Allah ne ya kiyaye. Muka tsayar da layin, muka kwance, na ciro zobe na matsa shi, ya karye a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Bai kai wata biyu a ciki ba.

Tun kafin biyan kuɗin ma na nemi samfuri, domin ban saba sayen kaya a makance ba. Ya ba ni zobe guda, na saka shi a wani bawul, kuma har yau yana nan lafiya, domin shi Viton ne na gaske. Sauran kayan da ya kawo a leda mai tambari, launin ruwan ƙasa iri ɗaya da samfurin, su ne jabun. Launi ba hujja ba ne, ana iya rina kowace roba. Abin da ya tona asirin shi ne sikeli: FKM ta fi NBR nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, kuma da muka auna sabon zobe na gaske da nasa masu girma ɗaya, bambancin ya fito fili. Tun da farko ya ce mini: "Injiniya, idan ba Viton ba ne ka dawo mini da shi ka karɓi kuɗinka." A gaban ma'ajinmu ya faɗa, bayan mun fito daga sallar azahar tare. Farashinsa bai yi arahar da za ta sa a yi zargi ba, kaɗan ne ya gaza na kasuwa. Naira miliyan 1 da dubu 850, ban da asarar man da ya zube da kwanakin da layi ya yi a tsaye.

Yanzu lambarsa a kashe take, shagon da ya kwatanta mana kuma na wani ne daban da bai taɓa jin sunansa ba. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban bayyana sunan da yake amfani da shi ba tukuna. Ina da hotunan hirarmu ta WhatsApp, da rasit, da shaidar tura naira miliyan 1 da dubu 850, da hoton zobba biyun a kan sikeli, kuma zan saka su duka da zarar an ba ni izini.

Kada ku yarda da samfuri guda. Ku zari zobe daga cikin ainihin kayan ku auna nauyinsa kafin ku biya, kuma kada ku gwada da wuta, domin hayaƙin FKM guba ne.