Hattara da mai riwayan nan: altanetata ya fenta ya sayar mini dubu 85

Jama'a, kwana huɗu ke nan ba na barcin kirki. Naira dubu 85. A haɗa da dubu 20 da na ba shi kafin alƙalami na kik, dubu 105 ke nan, a wannan marrar da ake ciki.

Ba zan kama suna ba tukuna, amma rumfarsa tana wani lungu ne a gefen titin Zariya a nan Kano. Ranar Litinin da safe na murɗa makulli, Corolla ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suna dishewa. Tun Asabar ma ta fara nauyin tashi, ban dai kula ba. Maƙwabcina ya jona mini waya da batirin motarsa ta tashi, shi ne kuma ya kwatanta mini mutumin, ya ce ya taɓa yi masa aiki.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne lokacin da ya buɗe bonet. Ya sunkuya, ya zura hannu ta bayan injin, ya ɗan jima, sannan ya ce: "Alhaji, tayar." Na tayar. Ya zare kan batir, mota ta mutu nan take. Ya dube ni ya ce: "Ka gani da idonka ko, Alhaji? Altaneta ta mutu, ba ta caji." Na gani kuwa! Wa zai ga haka ya yi musu? Ashe wancan hannun da ya zura, soket ɗin altanetar ya cire. Kuma tare muka yi sallar La'asar, kafaɗa da kafaɗa, kafin na tura masa kuɗin. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a garin nan, ban taɓa ba makaniki kuɗi ban ga hujja ba. Wannan hujja ya nuna mini.

Ya ce zai je Ƙofar Ruwa ya samo 'yar Beljiyam, dubu 85 har kuɗin aiki. Washegari na zo na tarar da ita a ɗaure tana ƙyalli. Na ce ina tsohuwar, ya ce da ita aka yi musaya aka rage mini kuɗi. Maganar kik a ranar ya kawo ta, ko tun ranar farko, na manta, ya ce shi ma ya kusa mutuwa, na ba da dubu 20.

Ranar Juma'a ta sake ƙin tashi a Kabuga, da iyalina a ciki, cikin rana. Wani dattijo mai riwaya ya zo da mita. Mota a kashe, batir ya nuna 12.5, ya ce lafiyarsa lau, cikakke ma 12.6 yake nunawa. Ya ce, "Ɗana, altaneta ba ta tayar da mota. Batir ne ke ba kik wuta, sai injin ya tashi ita take mayar wa batir abin da ya kashe." Ya duba kan batir da wayar da ke ɗaure a jikin mota, duk farin gari da kore sun cinye su, wutar ba ta isa ga kik. Ya wanke da ruwan zafi, ya kankare, ya ɗaure. Murɗa ɗaya ta tashi, mita ta hau 14.1. Dubu 2 ya karɓa. Dubu 2!

Shi ne ya sa farce ya kankare fentin. Ga tabon guduma da tsohon makanikina ya yi a kunnen altanetar bara, na san shi sarai. Tawa ce. Fetur aka wanke ta da shi aka fesa mata fenti, aka karɓi dubu 85 ɗina.

Na kira wancan mai rumfar ya fi sau ashirin. Jiya ya ɗauka ya ce yana Wudil wajen ta'aziyya, yau wayar a kashe.

Kada ku yarda a zare kan batir injin yana aiki, yana iya ƙona kwamfutar mota. A sa mita a gabanku: in injin yana aiki ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, altaneta tana caji. Ku yi wa kayanku alama, ku karɓi tsohon.

Rasit ɗin tura kuɗin guda biyu, na dubu 85 da na dubu 20, da hoton tabon, duk zan ɗora su anjima. Gobe da sassafe ina ƙofar rumfarsa, ni da maƙwabcin nawa.