PhotoScan da tsofaffin hotunan Zungeru: yana ceto hoto, amma bai isa aikin tarihi ba

Zungeru ƙaramin gari ne a bakin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Wushishi ta Jihar Neja, amma shi ne hedikwatar mulkin Turawa a Arewa daga 1902, lokacin da Gwamna Lugga ya taso daga Jebba, har aka koma Kaduna a 1917. Yawancin gine-ginen wancan zamani sun zama kufai. Mai son ganin yadda garin yake a da sai dai ya nemi hoto, hoton kuwa sau da yawa yana cikin firam a bangon zaure, ko a alabum da mai shi ba zai bari ya fita daga gida ba. A nan ne manhajar PhotoScan, wadda Google ya fitar a 2016, take da amfani. Kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone.

Aikinta ba wuya. Ka ajiye hoton a wuri mai shimfiɗa, ka ɗauka sau ɗaya, sai ɗigo huɗu su bayyana a kusurwoyi. Kana kai wayar kan kowane ɗigo, ita kuma tana ɗauka. Daga nan ta haɗa su ta cire ƙyallin gilashi, ta daidaita karkata, ta yanke gefe. A kan hoton da ke bayan gilashi, wannan cire ƙyalli ya fi duk abin da kyamarar waya za ta yi ita kaɗai, kuma shi ne babban dalilin da muke yabonta. Tsohon hoto da damina ta taɓa yakan manne da gilashinsa. Wanda ya ce zai ɓamɓare shi, fatar hoton za ta bi gilashin ta bar masa farar takarda. Kada a ɓamɓare, kada a goge da ruwa. A share gilashin ta waje da busasshen ƙyalle a ɗauka yadda yake.

Inda take gazawa shi ne ƙananan abubuwa, su kuwa su ne tarihin. Hoton da take fitarwa bai kai girman abin da kyamarar wayar ke iya ɗauka ba, kuma idan hannu ya karkata tsakanin ɗigo da ɗigo, layukan da ke miƙe sukan ɗan lanƙwashe wajen haɗawa. A hoton biki ba za a lura ba. A hoton layin dogo ko ƙarafan gada kuwa abin yana fitowa fili. Lambar da ke jikin tarago, rubutun allon tasha, irin hular ɗan doka, duk sukan dushe idan aka buɗa hoton, alhali da su ake gane shekara.

Ga misali. Gadar ƙafa ta Lugga an kafa ta a Zungeru a 1904, aka kwashe ta zuwa Kaduna a 1954, tana lambun Gamji yanzu. Duk hoton da ya nuna ta a mazauninta na farko, to ya girmi 1954. Amma sai an ga tsarin ƙarafanta sosai kafin a rabe ta da wata gada. Haka ruwan kogin: duwatsu a waje alamar rani ce, ruwa ya cika ya shafe su damina ce. Tun da aka gina madatsar wutar lantarki mai megawat 700 a saman garin, tafiyar ruwan ta koma hannun masu buɗe ƙofa, saboda haka tsofaffin hotunan kogin sun ƙara daraja.

Wata matsala ita ce hotunan baƙi da fari da wuraren duhunsu suka fara sheƙi kamar azurfa saboda tsufa. Fitilar waya tana haska wannan sheƙi sai inuwa ta koma toka-toka. Kashe fitilar, ka koma inuwar ƙofa da hantsi. Idan hoton ba ya cikin gilashi, kashe cire ƙyallin ma, ɗauka ɗaya ta fi tsafta. Yankan gefen ma a duba shi, domin takan datse farin bakin hoto inda aka rubuta suna ko wuri da alƙalami. Akwai wurin gyara kusurwa, a ja su waje.

Bayan hoton kuma ba ta tuna maka da shi, kai za ka juya. Katin wasiƙa mai kan sarki na Arewacin Nijeriya ya fito ne daga zamanin da ba a haɗe ƙasar ba, kafin 1914, hatimin gidan waya kuma yakan ba da rana da wata. Kwanan watan da wayar za ta liƙa wa hoton na ranar ɗauka ne, sai a gyara shi da hannu, a rubuta gidan da aka samo shi.

Idan mai hoto ya yarda a fita da shi, na'urar sikana ta tebur ta fi. Kati mai santimita 9 da 14 a kan dpi 600 (wato ɗigo 600 a kowane inci) yana ba da fiksel, wato ɗigon hoto, kusan 2,100 da 3,300, a adana shi a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto. Wajen turawa ta WhatsApp a aika shi a matsayin fayil, don in an tura shi a matsayin hoto manhajar tana matse shi, rubutun allon tashar da aka sha wahalar kamawa ya sake ɓacewa.