Wata takwas ina girka manhaja da apt a kan Debian

Laftof ɗina ta tsufa, batirinta ma ya mutu, shi ya sa na sa mata Debian 12, wani nau'in tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, wanda ya fito a watan Yunin 2023. A wata takwas ɗin nan, babu abin da ya kwanta min a rai kamar apt, wato umarnin da ake bugawa a Debian ya sauko da manhaja ya girka ta.

Manhaja a Linux ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace tana da 'yan rakiya, wato ƙananan ƙunshin da ta jingina da su, su ma kuma da nasu. Ranar farko ban san haka ba. Na kwafo fayil ɗin .deb, wato ƙunshin manhaja na Debian, a filash daga wurin wani abokina, na buga umarnin dpkg -i don in girka shi, sai ya tsaya yana jero min abubuwan da babu. Ashe shi dpkg kwance ƙunshi kawai ya iya, ba ya fita nemo abin da ya rage. Na nemo ɗaya da hannu, shi ma ya ce sai da wani. Tun azahar har la'asar ina abu ɗaya. Da na buga apt --fix-broken install, cikin 'yan mintuna ya ɗebo sauran daga taskar Debian ya haɗa komai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya yi maka aiki a ɓoye. Da zan girka VLC, sai da ya jero min duk 'yan rakiyar, ya faɗi megabait nawa zai sauke da wurin da za su ci a faifai, sannan ya tambaye ni ko ya ci gaba. Ga mai sayen data kaɗan-kaɗan irina, wannan tambayar tana da daraja ƙwarai. Intanet ta yanke kuwa, daga inda ya tsaya yake ɗorawa.

Rannan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girki, kwamfutar ta mutu ɗif. Gabana ya faɗi. Da wuta ta dawo, apt da kansa ya rubuto min umarnin da zan buga, dpkg --configure -a, shi ke nan ta warware.

Inda nake da ja wuri ɗaya ne. Bayan 'yan rakiya na dole, yana haɗowa da waɗanda aka ba da shawara kawai, kuma wani lokacin su ne ke cinye data. Ƙara --no-install-recommends yana rage su, sai dai sabon shiga ba zai san da shi ba sai an faɗa masa. Haka kuma apt autoremove, mai share 'yan rakiyar da aka gama da su, ba na amsa masa sai na karanta jerin layi-layi.

Makon jiya na sa wa ƙanwata Debian a kwamfutarta ta makaranta. Na rubuta mata umarni uku a takarda, na liƙa a gefen madannai, kuma da kanta ta girka GIMP, manhajar gyaran hoto, kafin in tashi.