Firiza mai gas ɗin R600a, wata takwas ina aiki da ita

Tsohuwar firizata 'yar Beljiyam ce, Mama ce ta bar min ita da zan tare, to dab da azumi ta ce ga garinku nan, kwamfiresa ta ƙone, ni kuma da ita nake sana'ar zobo da kunun aya da ƙanƙara. Dole na kwashi kuɗin adashi na shiga Sabon Gari na ɗauko sabuwa.

Mai gyaran da ya zo duba tsohuwar ne ya leƙa bayanta ya ce Hajiya wannan ai tun zamanin R12 ce, gas ɗin nan an daina yin shi, ki nemi wacce aka rubuta R600a a jikinta. Ni dai na ce to. Sai da ƙanina mai karatun kimiyya a BUK ya zo cin tuwo yake min bayani wai R12 ɗin nan shi da 'yan uwansa ne suka dinga cinye rufin ozon, wanda ke tare mana mugun hasken rana mai lalata fata da ido, a 1985 aka gano ramin a saman Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, a 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal kan a daina, irin ƙasashenmu aka ba su har 2010. Da aka koma R134a shi kuma sai aka ga yana ƙara ɗumamar yanayi, aka sake zama a kansa a birnin Kigali a 2016. Kuma wai ramin yana ta rufewa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce wajen 2040 yawancin duniya zai koma yadda yake a 1980, Antaktika kuwa sai wajen 2066. Ni da nake ɗauka duk taron manyan nan shan shayi ne da ɗaukar hoto, ashe har kicin ɗina abin ya iso.

Aikin sabuwar firizar kam ba laifi wallahi. In na jera ledojin ruwa bayan isha'i kuma NEPA suka yi mutunci, kafin asuba sun zama dutse. Ƙaramin janaretana yana ɗaukarta har da fanka, tsohuwar kuwa tana tashi za ki ji injin yana tari kamar zai mutu. Ba ta da ƙara, har taɓa ta nake in ji ko tana aiki. An taɓa yin kwana guda cur ba wuta, ban buɗe ta sosai ba, kunun aya bai yi tsami ba.

Inda ban ji daɗi ba, kwanon jikinta siriri ne, ɗan Adaidaitan da ya kawo ta ɗan bugu kaɗan ta yi ta lotsa. Sannan gas ɗin yana kama wuta, duk da ɗan kaɗan ne a ciki, don haka wannan ɗabi'ar tamu ta sa wuƙa a ɓamɓaro ƙanƙara a jikin firiza, don Allah 'yan uwa a bari, a kashe ta a bari ta narke da kanta. Kuma ba kowane mai gyara za ki ba ba, ki tambaye shi tukuna ko ya saba da R600a. Sitabilaiza ma sai da na saya, kuɗin da ban shirya ba.

Tsohuwar tana nan a zaure, 'yan gwangwan sun taya na hana, shinkafa da garin tuwo nake zubawa a ciki saboda ɓeraye.