Kan sarkin tunawa na Najeriya: wanda ya cancanci saye da yadda ake adana shi a Bauchi

Yawancin masu zuwa gidan waya sayen kan sarki a Bauchi yau ba wasiƙa za su aika ba, rasit ko takardar yarjejeniya za su liƙa wa. Shi ya sa kusan ba a tambayar wane hoto ne a jiki. Amma kan sarki iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda ake ta maimaita bugawa shekara da shekaru, akwai kuma na tunawa, wanda ake fitarwa sau ɗaya saboda wani abin tarihi ko wani gangamin lafiya, in ya ƙare ya ƙare. A kan na biyun nan za a yi magana, a matsayinsa na kayan da mutum zai sa kuɗinsa ya saya.

Sunan kansa tarihi ne. Kan sarkin farko a duniya ya fito a Ingila a 1840 da kan Sarauniya Biktoriya. Legas ta samu nata a 1874, Arewacin Najeriya a 1900, sannan bayan haɗewar 1914 aka fara buga masu suna Najeriya kaɗai da kan Sarki Joji na biyar. Hoton kan Sarkin Ingila ya daɗe da barin jikin takardar, sunan dai ya zauna a bakin Bahaushe.

Wanda zai fara tarawa, ya fara da saitin 'yancin kai na 1 ga Oktoba 1960. Guda huɗu ne: na kwabo, na taro, na sisi, da na sule da taro. Na ƙarshen shi ne mai kurciya da taswirar ƙasa, kuma shi ya fi wuyar samu da tsabta, domin masu ƙananan kuɗi ne aka fi liƙawa a wasiƙun cikin gida, su suka fi yawa a hannun mutane. Bayan wannan sai na zama jamhuriya a 1963 mai hoton Azikiwe, na buɗe madatsar Kainji a 1969, na ƙarshen yaƙin basasa a 1970, na komawa tuƙi a hannun dama a 1972, na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, da na tunawa da Janar Murtala shi ma a 1977 ɗin. Duk suna da kyau, kuma duk ana samunsu ba tare da wahala mai yawa ba.

Amma a ganina, gwanintar kan sarkin ƙasar nan tana wajen na kiwon lafiya. Na bukukuwa hoton gini da tuta da manya suke nunawa. Na lafiya kuwa abin da ya shiga gidan talaka suke nunawa, kuma an yi su ne don su yi aiki, wato duk wanda wasiƙa ta ratsa ta hannunsa ya ga saƙon.

Ɗauki saitin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na 7 ga Afrilu 1962, wanda ya fito lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su buga kan sarki a kan wannan cuta. Shi ma huɗu ne: taro, sisi, sule da taro, da sule biyu da sisi. A na sisi akwai mutum riƙe da abin feshi, a na sule da taro jirgin sama ne yake feshin maganin sauro, a mafi tsadar kuma akwai madubin likita na duba jini. In ka jera su ka ga yadda aka ɗauki yaƙin a wancan zamani: feshi, feshi, sannan gwaji. Bugun yana da tsabta, launi bai hau kan launi ba, takardar tana da ƙwari. Abin da ke sa mutum ya daɗe yana kallonsu shi ne har yau sauron yana nan. Duk wanda ya je asibiti a Bauchi ko Azare cikin watan Agusta ya san haka.

Na agana labarinsa daban ne, don wannan yaƙin an ci shi. A 1968, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta cika shekara 20, Najeriya ta fitar da guda biyu, na kwabo huɗu mai nuna allurar agana da na sule da sisi mai sauro. A 1978 kuma aka fitar da saitin kawar da agana daga duniya, na kwabo 5, 12, 18 da 30, akwai mai uwa riƙe da yaron da ya kamu, akwai mai sirinji. An ga mutum na ƙarshe da ya ɗauki cutar ta hanyar yaɗuwa a Somaliya a 1977, aka kuma yi shelar ƙarewarta a 1980. Dattawan da suka haura shekara hamsin da yawa suna da tabon lamba a damtse. Yaron da bai san ma'anar tabon kakansa ba, in aka ɗora masa wannan kan sarkin a tafin hannu, bayanin ya zo da sauƙi. Malaman makarantun koyon aikin lafiya ya kamata su mallaki wannan saitin ko don aji.

Sai na UNICEF na 1986, mai nuna ruwan gishiri da sukari, rigakafi, da shayar da nonon uwa, da kuma na ranar yaƙi da kurkunu na 1991, guda uku, na kwabo 10, 20 da 30. Wannan na ƙarshen ina ba shi muhimmanci ƙwarai. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an samu masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya, manoma suna kwance a tsakiyar damina saboda ruwan tafki. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Ƙaramar takarda ce, amma shaida ce ta lokacin da tace ruwa da ƙyalle ya zama aikin ƙasa.

Mutumin Bauchi yana da nasa na musamman, ko da yake ba na tunawa ba ne. Da aka koma naira da kwabo a 1973, an fitar da dogon saitin yau da kullum, daga kwabo 1 har naira 2. Na kwabo 10 Yankari ne. Na kwabo 20 aikin haɗa maganin rigakafi ne, na kwabo 30 kuma bikin kamun kifi na Argungu. An sha maimaita bugunsa, saboda haka za ka samu na Yankari guda biyu da launinsu ya ɗan bambanta, wani kuma in ka ɗaga shi a haske ka ga tambari a cikin takardar, wani babu. Kada ka yar da ɗaya da sunan maimai ne.

Yanzu ga aibin kayan. Na farkon shekarun 1960 a ƙasashen waje aka buga su, galibi Ingila. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka koma bugawa a Legas, kuma za ka ga gajeren sunan kamfanin buga kuɗi da ƙananan haruffa a gindin hoton. Na shekarun 1970 ba laifi. Daga tsakiyar 1980 zuwa 1990 kuwa sai ka zaɓa da ido: wani launin ya goce daga layinsa har fuska ta zama biyu, wani haƙoran gefe sun ci cikin hoto, wani takardar ta yi laushi. Saboda haka kada ka sayi na wannan zamanin a rufe cikin leda. Abu na biyu, na tunawa ba ya zama a kanta kamar na yau da kullum. In ka je gidan waya, kada ka ce kawai a ba ka kan sarki, na liƙa wa rasit za a miƙo maka. Ka ce na tunawa kake so, in mai kanta bai gane ba ka nemi ganin shugaban ofis da ladabi. Tun 1969 aka buɗe sashen masu tara kan sarki, har an buga kan sarkin buɗe shi, kuma ta wannan sashen sababbi suke fitowa, da ambulan ranar farko, wato ambulan da aka liƙa wa cikakken saiti aka buga masa hatimin ranar fitowa. Sabo ana sayensa ne a kan kuɗin da ke rubuce a jikinsa.

Maganar kuɗi kuma a faɗe ta a fili. Wannan ba jari ba ne. Mafi yawan kan sarkin Najeriya na bayan 1960 an buga su da yawan gaske, kuma a kundin farashi irin na Stanley Gibbons kuɗinsu kaɗan ne. Duk wanda ya tare ka a Facebook ya ce na 1960 guda ɗaya zai saya maka fili, ko yana son sayar maka ne da tsada, ko yana son ka tura masa kuɗin rajista. Abin da ke ɗaga daraja uku ne: cikar saiti, lafiyar haƙora da bayan takarda, da hatimi mai karantuwa.

Hatimin nan shi ne inda mu muke da abin da ɗan kasuwar Landan ba shi da shi. Tsofaffin wasiƙu suna nan a adakar iyaye, a kabad ɗin tsofaffin malamai da ma'aikatan En'e. Ambulan da ke ɗauke da na agana, da hatimin Misau ko Azare ko Kaltungo a kai, da rana da wata da shekara a fili, ya fi wanda ba a taɓa amfani da shi ba ma'ana nesa ba kusa ba. Hatimin Gombe na 1976 zuwa kafin 1 ga Oktoba 1996 hatimin jihar Bauchi ne, na 1967 zuwa 1976 kuma na jihar Arewa maso Gabas. Irin wannan ambulan ba a ɓare shi, ba a yanka shi. A bar shi yadda yake, a nemi izinin masu shi kafin a ɗauka, wasiƙar ciki kuma a mayar musu, sirrinsu ce.

In ambulan ya riga ya yage, sai a cire kan sarkin ta hanyar jiƙawa. A yanka takardar da almakashi a bar tazarar kamar santimita ɗaya kewaye. A zuba ruwa mai ɗan ɗumi, wanda yatsa zai zauna a ciki ba ƙuna, a faranti mai faɗi. Ruwan leda ya fi na rijiya, don na rijiya yakan bar farin gishiri in ya bushe. A sa guda goma zuwa goma sha biyar, hoto yana sama, a bar su minti 10 zuwa 15. Shi da kansa zai saki takardar ya yi iyo. In bai saki ba a ƙara masa minti biyar, kada a ja, don ja shi ke ɓare bayan takardar ya bar wuri siriri da ake gani a haske, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ambulan mai launi, musamman ja ko ruwan ƙasa mai duhu, a jiƙa shi shi kaɗai cikin ruwan sanyi a cire da wuri, domin yana zuba ya rina sauran. Bayan nan a ɗauraye a ruwa mai tsabta har santsin gam ya fita, a kifa su a kan farar takarda, ba jarida ba, tawadar jarida tana kamawa. In sun sha iska sun kusa bushewa, a sa su tsakanin fararen takardu biyu, a danne da littafi mai nauyi kwana ɗaya. Wanda ba a taɓa liƙawa ba, mai gam ɗinsa a baya, ba ya shiga ruwa sam.

Kayan aiki ba su da yawa: hantsaki mai faɗin baki marar ƙaya, gilashin ƙara girma, da albam mai aljihuna. Hantsakin cire gashi yana huda takarda. Yatsa kuma yana barin gumi da maiƙo, bayan shekara biyu sai ka ga zanen yatsan ya fito ruwan ƙasa. Masu son tantance bugu suna ƙirga haƙora a tsawon santimita 2, kuma na Najeriya da yawa 14 suke bayarwa.

Babban abokin gaba yanayinmu ne, kuma fuska biyu gare shi. Daga Yuli zuwa Satumba danshi yana narkar da gam, sababbi su manne da juna ko da shafin albam, sannan ɗigon tsatsa ya fito, kuma yana yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Wanda ya fara ɗigo a ware shi nan take. Da hunturu kuwa bushewa ke sa su nannaɗe, haƙora su yi ƙarfi su karye, ƙura ta shiga ko'ina. Maganin duka biyun: a tsayar da albam a tsaye kamar littafi a kanta, kada a kwantar a ɗora masa kaya, nauyi ne ke haɗa gam da shafi. A sa shi cikin robar da murfinta ke rufuwa sosai, a jefa ƙananan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi guda huɗu ko biyar, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, a riƙa shanya ƙunshin a rana ko sauya su duk wata biyu da damina. Kada robar ta zauna a ƙasa ko jikin bango saboda gara, kada kuma a ɗora ta saman kabad kusa da kwano, zafin Maris da Afrilu yana gasa gam ya koma ruwan ƙasa. Kyankyaso yana lasar gam har ya cinye hoto. Sau ɗaya a wata, ranar da ba hadari, a buɗe shafukan su sha iska a inuwa, rana tana kashe launi, ja ne ke fara tafiya.

Abubuwa uku da aka fi lalata kan sarki da su a garin nan su ne salatef, gam ɗin ofis, da kai shi shagon kwamfuta a rufe shi da leda mai zafi kamar takardar shaidar makaranta. Salatef yana zubar da mai cikin takarda, ledar zafi kuwa ba ta ɓaruwa har abada, kuma babu mai tarawa da zai karɓi wanda aka yi wa haka ko kyauta. Wanda yake son rataye saitin kurkunu a ofis ko a aji, ya ɗauki hotonsa ya buga babba ya sa a firam, na ainihin ya koma cikin roba.