Hawan Kilimanjaro ta hanyar Machame: abin da kuɗina ya saya

Ba a barin kowa ya hau Kilimanjaro shi kaɗai. Dokar gandun dajin ta ce sai da jagora mai lasisi, saboda haka duk mai niyya dole ya bi ta hannun ɗaya daga cikin kamfanonin da suka cika Moshi da Arusha a arewacin Tanzaniya. Ni wani matsakaici na bi a Moshi. Hanyar Machame ana sayar da ita ta kwana 6 ko ta kwana 7, na zaɓi doguwar, kuma da za a sake ba ni zaɓi ita zan ƙara ɗauka.

Dutsen nan ba ya neman gwanintar hawa. Tafiya ce kawai, sai dai iskarsa ba ta ƙosarwa. Daga ƙofar Machame, wajen mita 1,800, ake farawa cikin daji mai laima da taɓo, a ƙare a Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895, inda oksijin ɗin da mutum ke samu a kowane numfashi bai wuce kusan rabin na bakin teku ba. A nan ne jagoranmu ya ci kuɗinsa. Tun ranar farko ya ɗaure mu da tafiyar hawainiya, har wani saurayi Bature ya yi ta ƙunƙuni wai ana ɓata masa lokaci. Ranar da muka hau Lava Tower, mita 4,600, muka ci abinci a can, sannan muka gangaro sansanin Barranco muka kwana, ni ma na ga kamar wahalar banza ce, a hau a sauko. Ashe da gangan ne: a kai jiki sama ya ɗanɗani ƙarancin iska, a dawo da shi ƙasa ya yi barci.

Kullum da daddare jagoran yakan zagayo da wata 'yar na'urar auna oksijin a jini ya maƙala wa kowa a yatsa, ya rubuta lambar a littafi, ya tambayi ciwon kai, tashin zuciya, da ko ka cinye abincinka. A Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa, wata mata a cikinmu ta fara amai, tafiyarta na tangaɗi. Ta roƙe shi, har da hawaye, ga ƙololuwa ana hangowa. Bai ɗaga murya ba, ya ce mata sai ƙasa, ya haɗa ta da mataimakinsa. Daga baya muka same ta a Moshi lafiya lau.

Wajen tsakar dare ake tashi daga Barafu zuwa ƙololuwa. Sanyin Jos wasan yara ne a kan wannan. Ruwan gorata ya daskare tun kafin mu kai Stella Point, wani wuri dab da ƙololuwa. Ba na tuna komai sai dunduniyar wanda ke gabana cikin hasken fitilar goshi, da wani mataimakin jagora da ya karɓe min jaka ba tare da na nema ba.

'Yan dako kuwa sai dai a ce Allah ya saka. Ana auna kayansu a ƙofa don kada ya wuce kilo 20. Mu ke riga su tashi, su naɗe tantuna, su wuce mu da kaya a ka, kafin mu iso sun kafa komai, ga shayi ga gugguru a faranti. Amma na ga wasu da takalman da suka mutu, a wurin da ni nake sanye da safa biyu. Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi da ke bibiyar yadda ake biyan 'yan dako. Kafin ka ba kamfani kuɗi, tambaye su ko suna cikin tsarinta. Arhar da ta yi yawa, daga jikin waɗannan bayin Allah ake zaftare ta.

Batun abinci, na faɗa wa kuku abin da ba na ci, ya kiyaye. Ruwan ɗumin da ake kawowa a ɗan kwano da safe da shi nake alwala, sauran lokuta a sama taimama na yi.

Abin da ya ɓata min rai: kamfanin bai faɗi kuɗin ihsanin ma'aikata ba sai daren ƙarshe, alhali abu ne da kowa ke bayarwa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Jakar barcin da suka ba ni haya zif ɗinta ya lalace, ka zo da taka. Masai na sansanoni kuma, musamman na Barafu, ba na son tunawa. In ƙungiyarku za ta iya haɗa kuɗin tantin bayan gida, ku haɗa.

Saukowa ta hanyar Mweka gwiwa take ci, ka riƙe sanduna biyu. Lokacin da ya fi dacewa da hawan shi ne Janairu zuwa Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu ruwa ne.