Sola ko janareta: wanne ya dace da shagonka a Legas?

'Yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 sun ishe ni da tambayar nan.

Janareta da sauƙin saye, ka ja igiya ya tashi. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kullum ribarka yake sha. Ga gyara, ga hayaƙi da ƙara har maƙwabci ya riƙa hararar ka.

Sola kuɗin farko ne mai nauyi: faifan hasken rana, batir, inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida). Bayan nan rana kyauta ce. Sai dai damunar Legas doguwa ce, hadari na rage caji, batir ma yana tsufa.

Mai cajin waya ko kemis mai zama wuri ɗaya, sola ta fi masa. Mai walda, ko wanda hayarsa ba tabbas, ya riƙe janaretansa tukuna.